Gidanka a Panyu Ba Masauki Ba Ne

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba,

Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sauke ka Guangzhou lafiya, Ya tsare ka a sama da ƙasa, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da na banza ko da Hausa suke ji.

Na sa wannan takarda a jakarka ta hannu don ka karanta a jirgi. Kai ne ɗan fari, ka san ba mu saba zama mu yi doguwar magana ba, ga shi kwanakin nan gidan cike yake da masu zuwa sallama, kowa da abin da yake so a sayo masa. Maganar da zan yi ba ta gaban jama'a ba ce. Ka karanta har ƙarshe, kada ka tsallake kamar yadda kake yi wa saƙonnina na waya.

Na yi shekaru ina zuwa Guangzhou sari, tun kana sakandare har gwiwa ta fara hana ni. Da ribar leshi da mayafai da jakunkunan da na ɗauko can ka yi karatun injiniya bayan rasuwar babanku. Ni ban wuce sakandare ba, ban taɓa aikin ofis ba, amma na ga 'yan ƙasarmu masu aikin ofis a can, na shiga gidajensu, na ci abincinsu. Don haka ka saurare ni.

Zan fara da albashi. Ranar da kawunka Sani ya tambaye ka nawa kamfanin solan nan zai riƙa biyanka, ka buɗe baki ka faɗa. Ina kallo ya ciro waya ya juya kuɗin zuwa naira, ya ce, "La'ilaha illallahu! Hajiya, ai ke kin huta." Raina ya ɓaci. Kafin la'asar duk dangi sun ji, kuma kowane baki ya ƙara wani abu a kai.

Irin wannan kuskuren na yi a zuwana na farko. Ina tsaye a shago, na ji farashin leshi, na juya shi zuwa naira a kaina, na tuna yadda ake sayar da shi a kasuwar Kwari, sai na ga na zama mai kuɗi tun ban biya ba. Na dawo gida ina ba da labari da murna. Na manta kuɗin otal, na manta kuɗin mota, da na masu ɗaure kaya, da na kwantena, da na kwastan. Mutane suka yi ta zuwa barka, kunya ta hana ni cewa babu, na yi ta bayarwa daga uwar kuɗi ina tsammanin riba nake rabawa. Sai da na sake zuwa na kuma sakewa kafin jarina ya koma yadda yake.

Kuɗin can, a can ake auna shi. Kafin albashi ya taɓa hannunka an cire haraji. Mai gida ba zai ba ka makulli ba sai ka biya haya gaba, ka kuma ajiye wani kuɗi da zai riƙe har ranar da za ka tashi, dillali ma yana jiran nasa, duk wannan kafin ka karɓi albashin farko. Garin yana da zafi mai danshi wanda gumi ba ya bushewa, ba za ka iya barci ba sai da na'urar sanyaya ɗaki, ita kuwa wuta take sha. Naman halal ba a kowace unguwa yake ba, kuma ya fi sauran tsada. Ga kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa safe da yamma, ga sabunta takardun zama, ga magani in ka kwanta. Abin da ya rage bayan duk wannan, shi ne albashinka, kuma za ka sha mamakin ƙanƙantarsa. Kada ka aiko min da komai sai ka fara ware kuɗin tikitin dawowa gida ka ajiye inda ba za ka taɓa ba. Ni ina da shagona, ƙannenka ba yunwa suke ji ba. Wanda ya kira ka da zancen kuɗin aure ko na hayar gida, ka ce ya zo wajena.

Sai takardar yarjejeniyar aikin. Ka ce min ka karanta, na kuma san irin karatunka, ido a kan lambar kuɗi kawai. Akwai shekarar da aka nuna min samfurin mayafi mai kauri, na taɓa, na yaba, na sa hannu a takardar da ban nemi a fassara min ba. Da kaya suka iso Kano na buɗe kwali, sai ga mayafi shara-shara wanda ni kaina ba zan bari 'yata ta yafa ba. Na koma na yi ta faɗa, mai shagon ya ɗauko takardar ya nuna min hannuna. Bai cuce ni ba, abin da aka rubuta shi ya aiko. Saboda haka kafin ka fara aiki ka zauna da su ka tambaya. Wa ke biyan haya, kai ko su? Inshorar asibiti ta haɗa da matarka Fa'iza idan ta biyo ka? Idan sun sallame ka, wane lokaci za su ba ka ka haɗa kayanka? Tambaya ba rashin kunya ba ce. Su da kansu sun fi girmama mai tambaya.

Ka kuma yi musu maganar Juma'a tun ranar farko, don can ranar aiki ce kamar kowace rana. Ni na yi wautar jin nauyin sallah a kasuwa, ina tara azahar da la'asar har magariba, wai kada a kalle ni. Wani dattijo ɗan Maraɗi ne ya kunyata ni ba tare da ya ce min uffan ba. Na gan shi ya buɗe kwali ya shimfiɗa a ƙarƙashin bene ya tayar da kabbara, mutane na wucewa, ko mai waiwaye babu. Abin da ka nuna musu a makon farko, da shi za su san ka. Idan ka fara da ɓoyewa, da ɓoyewa za ka ƙare.

Kada kuma digiri ya ruɗe ka. Ba don babu injiniyoyi a ƙasarsu suka ɗauke ka ba, suna da su fiye da yadda kake zato. Sun ɗauke ka don ka san sola, ka san wutarmu da rashinta, kana kuma iya magana da masu saye daga ƙasashenmu. Ranar da suka ga hankalinka ya rabu biyu, akwai wani a bayanka yana jira. Na ga yaranmu masu digirin haɗa magunguna da na injiniya sun koma tafinta a kasuwa, suna bin 'yan sari shago-shago don ɗan kamasho. Sana'a ce, ban ce haram ba ce. Amma kai takardar zamanka a ɗaure take da wannan kamfani. Idan aikin ya tafi, zaman ma ya tafi.

Wannan ya kawo ni ga ainihin abin da ya sa na ɗauki biro.

Ka san Nasiru na Fagge, mai gyaran injin ban ruwa, wanda kake gaisarwa idan ya zo unguwa. Abin da ba ka sani sosai ba shi ne yadda ya baro Guangzhou. Injiniya ne kamarka, can ya yi karatu, yana jin yarensu kamar ɗan gari. Wani kamfanin ƙera injin ban ruwa ya ɗauke shi, ya kama gida ɗaki biyu da falo a unguwar Panyu, inda kai ma za ka zauna, ya kai matarsa Zulai. Mahaifiyarsa ce ta ba ni lambarsa a wajen wani biki, ta ce, "Haba Hajiya, ki riƙa ba otal kuɗi ga ɗanki a garin?"

Zuwan farko ni kaɗai na sauka. Na biyu na tafi da ƙawata. Daga nan lambar Nasiru ta zagaye layinmu a Kwari, duk mai tafiya sai a ce mata, "Ki sauka gidan yaron nan." Mukan kai musu kilishi da daddawa da kuka da man shanu, mu ajiye a gaban Zulai, mu ji a ranmu mun biya. Ita ke dafa mana da tsohon ciki, ita ke wanke kwanuka, mu kuwa mu miƙe ƙafa muna lissafin yadi. Ɗaki ɗaya namu, falo ya zama sito, kwalaye har rufi. Shinkafar da za ta kai su wata, mu cinye ta a mako. Ba wadda ta taɓa tambayar nawa ne kuɗin wuta, mu da muke barin na'urar sanyi a kunne mu fita kasuwa.

Abincin ma da sauƙi. Lokacinsa muka cinye. Ina tsaye a shago sai in buga masa waya yana wajen aiki, in ce, "Nasiru, ga laoban ɗin nan yana ta ce min meyo, meyo, wai babu, alhali ga kayan ina hango su a bayansa. Ga shi, ka yi masa magana." Laoban shi ne mai shago, za ka ji kalmar har ta gundure ka. Sai Nasiru ya yi ƙasa da murya ya ce, "Hajiya, muna cikin taro ne." Ni kuma in ce, "To, taron ya fi uwarka?" Da bakina na faɗi haka, ba sau ɗaya ba. Sai ya fito waje ya yi min ciniki. Ka lissafa mu nawa ne masu lambarsa, kowace da laoban ɗinta.

Akwai ranar da aka ce kwalayena ba su shiga kwantena ba. Na tasa shi gaba sai ya raka ni Huangpu, wajen tashar jiragen ruwa, ranar aiki ce kuma. Ya ce in bari sai ranar hutu, na ce kafin nan jirgi ya tashi, na kama kuka. Ya nemi izini da ƙyar muka tafi. Muka wuni daga wannan sito zuwa wancan, a ƙarshe aka gano kayan suna nan lafiya, an sa su a wata kwantenar ce kawai. A hanyar dawowa shugabansa ya kira shi. Ban ji abin da ake faɗa ba, na dai ga yana ta sunkuyar da kai yana amsawa, alhali mutumin ba ya ganinsa. Ni ina gefe ina cin gyaɗa, hankalina kwance, kayana sun fito.

Can akwai doka, duk baƙon ƙasar waje da ya kwana a gidanka sai an kai fasfonsa ofishin 'yan sandan unguwa an rubuta. Otal su ke yi wa baƙinsu. Mu kuwa mun sauka da gajiya, gobe da sassafe kasuwa, wa ke da lokacin ofishin 'yan sanda? Nasiru ya yi magana sau ɗaya, wata a cikinmu ta ce, "Kai ɗan nan, mu ɓarayi ne?" Bai ƙara ba. Maƙwabta suka gaji da hayaniya da jan kwalaye a bene, suka kai ƙara. Aka zo aka tarar da baƙi ba rajista, aka ci shi tara, mai gida ya ce ya tashi. Da shekarar aikinsa ta cika, kamfani ya ce ba zai sabunta ba. Ba su zage shi ba, ba su kore shi da faɗa ba, sun dai ce sun gode. Ya haɗa kayansa da jaririyarsu suka dawo.

Ka san abin da muka ce da labarin ya iso Kwari? Muka ce, "Allah sarki, Nasiru, yaron kirki." Sai wata ta ce, "To yanzu wa ke da gida a can?"

Yanzu yana da shagonsa, yana ciyar da iyalinsa, ban ce ya wulaƙanta ba. Har gobe in ya gan ni sai ya durƙusa ya tambaye ni kasuwa. Amma ba don gyaran inji a bakin titi mahaifiyarsa ta sayar da filinta ta biya masa karatu ba. Babu wadda ta yi niyyar cutar da shi a cikinmu. Kowace ta ɗauki ɗan kaɗan ne, tana ganin ai ɗanta ne.

To, Abba, layi ya zo kanka. Ni na jawo kuma, domin ranar da takardar aikinka ta fito, murna ta sa na fara kiran Gwaggonka Talatu, yayar babanku, na manta ita ma 'yar sari ce. Shekaranjiya ta zo gidan nan kana wajen biza, ta zauna a ɗakina, na kawo mata fura.

Ta ce, "Rabi, Allah Ya yanke mana wahalar otal. Ki ce wa Abba ya nemi mai ɗaki biyu, kusa da tashar jirgi. Bayan Sallah za mu zo, ni da Hajiya Larai da ƙanwarta."

Na ce, "Yaya, Abba ba zai sauki kowa ba."

Ta ajiye ludayi. "Kowa? Ni ce kowa?"

Na ce, "Har da ni da na haife shi."

Ta ce, "Oho, yau kika tuna ke kika haife shi? Lokacin da kike kunyar ɗan fari, ko ɗaga ido ba kya yi ki kalle shi, a bayan wa ya yi wayo? Wa ya kwana da shi a asibiti da ya yi ƙyanda? Yanzu ya zama injiniyan Sin, shi ne za a nuna min iyakata. Da ɗan'uwana na raye da ba ki faɗa min wannan ba."

Na ce, "Yaya, kin tuna Nasiru? Tare muka kwana a ɗakinsa."

Ta ce, "Nasiru ƙaddararsa ce ta same shi."

Na ce, "Mu muka kai masa ita a cikin akwati."

Ta miƙe ta yafa mayafinta, ta ce in sha furata. Tun ranar ba ta ɗaga wayata ba. Jiya mun haɗu a gidan suna, ta gaisa da wadda ke damana da wadda ke haguna.

Ta gama da ni, yanzu kai za ta nema. Za ta bari ka sauka ka huta, sannan ta kira. Za ta fara da wasa, ta kira ka ɗan lelenta kamar yadda ta saba, ta tambaye ka ko ka fara cin kwaɗi. Daga nan ta kawo zancen goyo da na ƙyanda, ta ambaci babanku, muryarta ta karye. Duk abin da za ta faɗa gaskiya ne, ta yi maka, kuma tana da hakki a kanka har ka mutu. Na san ka, ba ka iya jin kukan babba. Za ka ce ai 'yan kwanaki ne kawai. Nasiru ma 'yan kwanaki ya ba ni.

Ga yadda za ka biya hakkinta. Ta sauka a otal ɗin da ta saba a Liuhua, kusa da kasuwanninta, ya ma fi mata sauƙi a kan doguwar tafiya daga Panyu. Ranar hutunka ka yi wanka ka sa manyan kaya ka je ka durƙusa ka gaishe ta. Ka kai ta gidan abincin Musulmi ka biya. Ka riƙe mata jaka ranar, ka yi mata ciniki in tana so, ka saya mata turare mai kyau. In rashin lafiya ta kama ta, Allah Ya kiyaye, ka bar komai ka je, wannan daban ne. Amma makullin gidanka, a'a. Waya a lokacin aiki, a'a. Kada a rubuta sunanka a kan kayan kowa, kada kuɗin sarin kowa ya bi ta asusunka na banki, ko da an ce minti biyar zai yi. Idan ta matsa, kada ka tsaya kawo hujja, ba za ka iya da bakin Gwaggonka ba. Ka ce, "Gwaggo, Hajiya ce ta hana ni." Ka ɗora min laifin duka. Ni da ita mun yi faɗan da ya fi wannan mun shirya, in ma ba mu shirya ba, ni zan iya ɗauka.

Na san za ka ce ni ce na koya maka girmama baƙo, ni ce nake dukanka in ka ci abinci a gaban baƙo ba ka yi tayi ba. Ban janye ba. Amma sa'o'in da ake biyanka amana ce, ka sayar da su, ba naka ba ne balle ka yi kyauta da su. Dokar ƙasar da ta karɓe ka ita ma alkawari ce ka ɗauka. Wanda ya ci amanar mai aikinsa don a ce masa ɗan kirki a Kwari, ba kirki ya yi ba, tsoron baki ya ji. Ka kuma tuna Fa'iza. Iyayenta ba su ba ka ita don ta je wata ƙasa ta zama kukun 'yan sari ba, kuma ba za ta iya buɗe baki ta ce wa Gwaggonka ta gaji ba. Kai ne bakinta.

Abu na ƙarshe. In gwiwa ta bari, ina so in zo sari sau ɗaya kafin azumi, kuma a otal zan sauka kamar kowa, kai za ka zo ka same ni. Idan ka kama gida, ka kira ni ka ce ka samu, ka faɗa min ko akwai masallaci kusa, ko ruwa na zuwa, ko maƙwabta na da mutunci. Amma kada ka faɗa min sunan layin, ko lambar benen, ko tashar da ake sauka. Ko na tambaya, kada ka faɗa. Na san kaina. Yau ina da ƙarfi don raina a ɓace yake. Wata rana Talatu za ta shigo da fara'a ta ce komai ya wuce, mu ci abinci tare, mu tuna babanku mu yi kuka, sannan ta ce, "Rabi, wai ina ne ma gidan yaron nan?" Ina so ranar in kalle ta in rantse mata ban sani ba, kuma ya zama gaskiya na faɗa.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka shiga a sa'a. Ya tsare maka addininka da lafiyarka da aikinka, Ya ba ka halal mai yalwa, Ya hana ka jin kunyar da za ta cutar da kai. Ya dawo mana da kai lafiya a lokacin da kai ka zaɓa, ba lokacin da aka ce ka tattara ba. Ka yi addu'ar sauka idan jirgi ya taɓa ƙasa, ka kira Fa'iza kafin ka kira ni.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka,
Hajiya Rabi